Tsaga hannun jari: huɗu sun zama arba'in, to ina ribar take?

Tambayar ta fito ne daga wata Hajiya mazauniyar Aboabo a Kumasi, mai sayar da atamfa a Kejetia. Ɗanta da ke aiki a Amurka ya saya mata hannun jari huɗu na Nvidia, kamfanin Amurka mai ƙera ƙananan na'urorin kwamfuta. A watan Yunin 2024 ya turo mata hoton asusun a waya, sai ta ga huɗun nan sun zama arba'in, alhali ba ta ƙara ko pesewa ɗaya ba. Yanzu kuma wani matashi a unguwa ya matsa mata lamba ta kwashe kuɗin adashenta ta ba shi, wai wani kamfani na shirin yin irin wannan rabo, in ta shiga kafin ranar kuɗinta zai ninka. Tana son ta san ko ƙarin nan riba ce, da abin da kamfani ke samu in ya yi haka, da yadda zakka za ta kasance.

Hajiya, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa: kada ki ba yaron nan kuɗin adashenki saboda wannan dalili. Tsaga hannun jari ba ya ninka kuɗin kowa. Na yi aikin dillancin hannun jari a Accra, kuma babu abin da ya fi rikita masu ƙaramin jari kamar wannan, don ido yana ganin adadi ya ƙaru, zuciya kuma sai ta riga lissafi yanke hukunci.

Mu yi lissafin da abin da ke hannunki. Ranar Juma'a 7 ga Yuni 2024, da aka tashi kasuwa, hannun jarin Nvidia ɗaya yana kan dala 1,200 da 'yan kai. Huɗu kenan wajen dala 4,800. Da aka buɗe kasuwa ranar Litinin 10 ga wata, kowane ɗaya ya zama goma, farashi kuma ya koma wajen dala 120. Arba'in sau 120, dala 4,800 ɗin dai ce. Abin da kika kwana da shi ranar Juma'a, shi kika wayi gari da shi ranar Litinin.

Dalilin haka yana cikin ma'anar hannun jari kansa. Hannun jari kaso ne na mallakar kamfani. A ce kamfani yana da hannun jari miliyan ɗaya, ke kina da dubu ɗaya a ciki, kin mallaki kashi ɗaya cikin dubu na kamfanin. In aka tsaga kowane ɗaya gida goma, jimilla ta zama miliyan goma, naki ya zama dubu goma, har yanzu kashi ɗaya cikin dubu ne. Masana'antar kamfanin ba ta ƙaru ba, cinikinsa bai ƙaru ba, bashin da ake binsa bai ragu ba. Rabon ribar da ake biya a kan kowane hannun jari shi ma ana raba shi gida goma, sai jimillar da za ta shigo miki ta zauna yadda take. Ƙuri'arki a taron masu jari ma haka, domin kowa nasa ya ninka tare da naki.

Mu 'yan Ghana mun ga irin wannan da idonmu, sai dai a juye. A watan Yulin 2007 Babban Bankin Ghana ya cire sifiri huɗu daga kuɗinmu, tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi 1. Kin fi ni tuna yadda kasuwa ta kasance a makonnin nan. Yadin da kike sayarwa 50,000 ya koma sidi 5, mai saye ya tsaya yana ƙirga sifiri da yatsa, wasu suna rubuta farashi biyu a jikin kwali ɗaya, tsoho a sama sabo a ƙasa. Har yau akwai dattawa a Zango da in ka ce musu sidi 100 sai sun mayar da shi miliyan ɗaya a ransu kafin su amince da ciniki. Amma wanda ke da miliyan goma a banki ya ga sun koma 1,000 bai talauce ba, don shinkafa da haya da kuɗin mota duk an cire musu sifirin nan huɗu. Tsaga hannun jari shi ne wannan aikin ta ɗaya gefen: adadi ya yawaita, kowane ɗaya ya ƙanƙance, dukiya tana nan inda take.

Amma fa kina da riba a Nvidia, kada maganata ta sa ki ɗauka babu. Ribar ta zo ne kafin tsagawar. A ce ɗanki ya saya a dala 500 kowane ɗaya, daga 500 zuwa 1,200 ita ce ribarki, kuma abin da ya kawo ta shi ne rububin da manyan kamfanonin fasaha suka yi wa ƙananan na'urorin da Nvidia ke ƙerawa, waɗanda ake gina ƙirƙirarriyar basira a kansu. Cinikin ne ya ɗaga farashi, farashin da ya yi tsawo kuma shi ya sa aka tsaga. Nan gaba in za ki lissafa riba, ki raba farashin saye da goma shi ma. Abin da aka saya 500 yanzu ki ƙirga shi 50, in ba haka ba sai ki ga kamar kin yi asara alhali kina kan riba.

To in babu abin da ke ƙaruwa, me ya sa kamfani zai ɗora wa kansa wahalar takardu da taro?

Dalili na farko, wanda su kansu kamfanonin suka fi faɗa, shi ne farashin guda ɗaya kada ya fi ƙarfin ƙaramin mai saye. Kamfanin Apple ya shiga kasuwa a watan Disambar 1980 a kan dala 22. Ya tsaga ɗaya zuwa biyu a 1987, ya sake a 2000, ya sake a 2005, sannan ɗaya zuwa bakwai a 2014, da ɗaya zuwa huɗu a 2020. In kika haɗa su, wanda ya riƙe guda ɗaya tun farko yanzu yana da 224. Da ba a taɓa tsagawa ba, a ranar da ake sayar da Apple dala 200, guda ɗaya zai kama dala 44,800. Malamin makaranta ko direban tasi da ke son ajiye ɗan abin da ya rage masa a wata ba zai ko kusanci wurin ba. Ma'aikatan kamfanin ma suna cikin lissafin. Walmart, babban kamfanin kantuna na Amurka, da ya tsaga ɗaya zuwa uku a watan Fabrairun 2024, ya ce yana son ma'aikatansa su iya sayen cikakken hannun jari daga albashinsu. Nvidia ma ya ambaci ma'aikata da masu zuba jari a sanarwarsa.

Wannan yana haɗe da wani abu da 'yan kasuwa suka sani sarai: kaya suna son masu taya da yawa. In farashin guda ɗaya ya sauko, masu saye da masu sayarwa sukan yawaita, sai mutum ya samu mai saye da wuri, tazarar da ke tsakanin abin da mai saye ya taya da abin da mai sayarwa ya sallama kuma ta kan matse. A Amurka an saba ciniki da ƙunshin ɗari-ɗari, har wasu yarjejeniyoyin da ake ƙullawa a kan hannun jari guda ɗari ake gina su. Ƙunshin ɗari a dala 1,200 dala 120,000 ne, a dala 120 kuwa 12,000 ne. Bambancin mai iya shiga a nan ba ƙarami ba ne.

Sai dai a ganina wannan hujja ta fara rauni. Dillalai da yawa a waje yanzu suna sayar da ɓangaren hannun jari, mutum ya sa dala 20 ya samu ɗan yanki na guda ɗaya. Wanda ke da wannan dama bai buƙaci a tsaga masa komai ba. Abin da ya rage shi ne halin ɗan Adam: mutum ya fi jin daɗin a ce yana da guda arba'in da a ce yana da huɗu, kuma abin dala 120 ya fi yi masa kama da araha ko da tsadarsu ɗaya in an auna da ribar kamfanin. Shugabannin kamfanoni sun san wannan hali, kuma ba sa ƙin cin moriyarsa.

Dalilin da na fi ba muhimmanci shi ne saƙon da tsagawa ke isarwa. Shugabannin da ke tsoron farashi zai faɗi gobe ba za su raba shi gida goma yau ba, don kada su wayi gari hannun jarinsu ya zama na 'yan kwabbai. Saboda haka in kamfani ya sanar da tsagawa, kasuwa takan fahimci cewa na ciki suna da ƙwarin gwiwa, shi ya sa farashi kan ɗan motsa sama a ranar sanarwa. Wannan ɗan motsin ne yaron unguwarku ya ji labarinsa aka kambama masa. Masana sun daɗe da bincika lamarin. A 1969 Eugene Fama da abokan aikinsa uku sun bi diddigin tsagawa 940 da aka yi a kasuwar New York daga 1927 zuwa 1959. Sun ga farashi yana hawa ne a watannin da suka gabaci tsagawa, bayan an tsaga kuwa, in an haɗa su gaba ɗaya, babu wata garaɓasa ta musamman. Kamfanonin da suka biyo baya da ƙarin rabon riba sun riƙe matsayinsu, waɗanda suka rage rabon kuma suka zame. Wato kasuwa ribar da ke tafe take saye, tsagawar alama ce kawai. An yi wasu binciken daga baya da suka ga ɗan ƙarin tashi bayan tsagawa, amma matsakaici ne na ɗaruruwan kamfanoni, ba alkawari ba ne a kan guda ɗaya da za ki zuba adashenki a ciki.

Ga misalin da nake so ki riƙe. Tesla, mai ƙera motocin lantarki, ya tsaga ɗaya zuwa uku a watan Agustan 2022, sabon farashi ya kama kusan dala 300. Kafin shekarar ta ƙare ya sauko kusa da dala 123. Wanda ya sayar da kadara ya shiga saboda labarin tsagawa ya rasa fiye da rabin kuɗinsa cikin wata huɗu, kuma adadin da ke asusunsa bai ragu da ko ɗaya ba. Amazon ma ya tsaga ɗaya zuwa ashirin a Yunin wannan shekara, ya kuma ƙare ta ƙasa da inda ya fara. Dukansu sun farfaɗo daga baya, amma mai kuɗin adashe da za a nema a wata uku ba shi da wannan jiran.

Akwai wani ƙaramin dalili da ya shafi Amurka kaɗai. Ma'aunin Dow Jones, wanda ake duba tashi da faɗuwar kasuwa da shi ta hanyar manyan kamfanoni 30, da farashin guda ɗaya yake auna nauyin kowane kamfani, don haka mai tsada ƙwarai zai danne sauran in an saka shi. Apple ya shiga a Maris 2015 bayan tsagawar 2014, Amazon ya shiga a Fabrairun 2024, Nvidia kuma a Nuwambar 2024, wata biyar bayan tasa tsagawar.

Ba kowa ya yarda da wannan hanya ba. Warren Buffett, shahararren mai zuba jari na Amurka, bai taɓa tsaga babban hannun jarin kamfanin Berkshire Hathaway ba, har guda ɗaya ya haura dala 600,000 a 2024. Hujjarsa ita ce yana son abokan tarayya masu zama, ba masu shiga yau su fita gobe ba, kuma tsadar kanta tana tace su. Duk da haka a 1996 ya fito da wani aji na biyu mai sauƙin kuɗi, a 2010 kuma ya tsaga wannan ajin ɗaya zuwa hamsin lokacin da yake sayen kamfanin jirgin ƙasa na BNSF, don masu ƙaramin jari a can su iya karɓar nasu rabon da hannun jari. Ina kawo shi ne don ki ga kamfani na iya bunƙasa shekara da shekaru ba tare da ya tsaga ba.

Akwai kuma kishiyar tsagawa, wato dunƙulewa, inda ake haɗa da yawa su zama ɗaya. Wannan ita ce ta yi daidai da abin da aka yi wa sidi. Bankin Citigroup ya dunƙule goma zuwa ɗaya a watan Mayun 2011, farashi ya tashi daga wajen dala 4 da rabi zuwa wajen 45, bayan dukan da ya sha a rikicin kuɗi na 2008. General Electric ya dunƙule takwas zuwa ɗaya a Agustan 2021. A manyan kasuwannin New York, in hannun jari ya zauna ƙasa da dala 1 kwanakin ciniki 30 a jere, ana gargaɗin kamfanin cewa za a iya cire shi, shi ya sa ƙananan kamfanoni masu tangal-tangal ke yawan dunƙulewa. Lissafin ɗaya ne, ba a rage miki komai a ranar, in kuma adadinki bai raba daidai ba ana biyan ki kuɗin ɓurɓushin. Amma in kika ji an dunƙule, ki tambayi abin da ya kai farashin ƙasa tun farko, don sau da yawa ciwon yana nan bai warke ba.

A nan gida lamarin ya ɗan bambanta. Kasuwar Hannayen Jari ta Ghana ta fara ciniki a watan Nuwambar 1990, kuma akasarin abin da ake sayarwa a cikinta daga 'yan pesewa ne zuwa 'yan gomman sidi. Da MTN Ghana ya sayar wa jama'a hannun jari a 2018, pesewa 75 ne guda, har ta momo mutane suka saya. Abin da bai kai kuɗin ƙwallon kenke ba, me za a tsaga a cikinsa? Damuwarmu a nan ita ce ƙarancin ciniki, wani kamfanin sai a yi kwanaki ba a sayi nasa ba.

Abin da za ki fi gani a Ghana iri biyu ne, kuma ana yawan rikita su da tsagawa. Na farko hannun jarin kyauta. Kamfani ya ɗebi ribar da ya tara bai raba ba, ya mayar da ita cikin ainihin jarinsa, ya ba masu jari sababbin hannaye gwargwadon abin da kowa ke da shi. Mutane suna ɗaukarsa gyara, alhali daga dukiyarsu aka ciro shi, farashi kuma yakan sauko daidai da ƙarin. Na taɓa karɓar wani dattijo a ofis, ya zo da jarida a naɗe da tsohuwar takardar shaidar jarinsa a cikin leda, hannunsa na rawa, wai farashi ya faɗi dare ɗaya an cinye shi. Da muka buɗe asusunsa ya ga adadin ya ƙaru, muka buga lissafi a gabansa sau biyu, sannan ya nemi ruwa ya sha. Wasiƙar da ta yi bayanin tana akwatin gidan waya bai ɗauko ba.

Na biyu shi ne tayin sabon hannun jari ga masu jari na da. Wannan kam sai kin biya. Kamfani yana neman sabon kuɗi, sai ya ce duk mai kaza yana da damar sayen ƙarin kaza, galibi a farashi mai rangwame. In kin saya kasonki ya tsaya, in kin ƙyale wasu suka saya kasonki a kamfanin ya ragu. An ga irin waɗannan matakai lokacin da Babban Bankin Ghana ya umarci bankuna su kai jarinsu sidi miliyan 400 kafin ƙarshen Disambar 2018. Don haka duk takardar da ta zo miki, ki sa a karanta miki abu ɗaya: ana neman kuɗi a wurina ko ba a nema? Tsagawa da hannun jarin kyauta ba a biyan ko sisi kafin a same su, da kansu suke shiga asusu. Duk wanda ya ce ki turo kuɗin rajista ko na fito da ƙarin, ɓarawo ne.

Batun a yi sauri kafin ranar kuwa, babu komai a cikinsa. Kamfani kan sanar da ranar da zai duba rajistar masu jari da ranar da za a fara ciniki da sabon farashi. Wanda ya saya kafin nan ya biya tsada ya samu ƙari, wanda ya saya bayan nan ya biya araha bai samu ƙari ba, kuma kuɗi ɗaya kaso ɗaya yake saye a duka biyun. Labarin da ya iso Aboabo ya riga ya zaga duniya, manyan 'yan kasuwa sun gama saka shi cikin farashi tun a mintunan farko.

Yaron nan ko dai bai gane ba, ko kuma an yi amfani da shi. Ba na so in zarge shi, wataƙila ɗan mutunci ne da ya ga bidiyo a waya ya ɗauka ya gano hanya. Amma Zango ba ta manta da 2018 ba, lokacin da wuraren da suka yi alkawarin riba mai tsoka duk wata suka rufe da kuɗin 'yan kasuwa da 'yan fansho, har da na kujerar Makka. Ki tambaye shi sunan kamfanin da kasuwar da aka yi masa rajista, da sunan dillalin da zai saya, da ko dillalin yana da lasisin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari a Ghana. A nan gida, hannun jarin gaske yana zama ne a asusun CSD, wato ma'ajiyar hannayen jari ta ƙasa, da sunanki, wanda dillali mai lasisi zai buɗe miki da katin ɗan ƙasa. In ya ce a zuba a asusunsa shi zai juya, magana ta ƙare. Ko na Amurkan ma, ki tambayi ɗanki da sunan wa asusun yake. In da sunansa ne, a rubuta cewa arba'in ɗin nan naki ne, a sa shaidu, saboda rai da kuma gado.

In kuma kina sha'awar ƙara jari ne da gaske, ki yi da kuɗin da ba za ki nema ba nan da 'yan shekaru, ba jarin shago ba, kuma tambayoyin da za ki yi su ne waɗanda kike yi kafin ki ɗauki dilar atamfa: me kamfanin ke sayarwa, cinikinsa na ƙaruwa ko raguwa, bashi nawa ke kansa, kuma farashin da ake nema ninki nawa ne na ribar da yake samu a shekara.

Zakka kuwa a kan daraja take, ba a kan adadi ba. Huɗu na dala 4,800 da arba'in na dala 4,800 abu ɗaya ne, tsagawa ba ta shigo miki da sabuwar dukiya ba. Tsagawar kanta ba bashi ba ce balle a yi maganar kuɗin ruwa, halacci ko rashinsa yana komawa ne ga sana'ar kamfanin da yadda yake mu'amala da bashi mai ruwa. Malamai suna bambanta wanda ya sayi hannun jari don ya sayar in ya tashi da wanda ya riƙe don rabon riba, saboda haka ki gaya wa malaminki niyyarki a fili don ya ba ki hukuncin da ya dace. In ya ce a kan dukan darajar za ki fitar, ranar da shekararki ta cika ɗanki ya duba farashin guda ɗaya a ranar, ya ninka sau arba'in, a juya shi zuwa sidi da canjin ranar, ki haɗa da kuɗin hannu da kayan shago, ki fitar da ɗaya cikin arba'in.